Baƙo Mai Wutsiya Biyu

A gidanmu ba a hura wuta don hira kawai, wutar sana'a muke cin ragowarta. Iya, mahaifiyar Babanmu, turara shinkafa take yi. Za a kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a sheme ba, daga gona ko daga kasuwar Kura, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji. Da buntun shinkafa take haɗa wutar, shi kuwa buntu ba ya ci bal-bal ya mutu, a hankali yake ci ta ciki. Don haka ko an sauke duro an yi sallar magariba, murhun yana nan da ɗuminsa. Nan muke taruwa lokacin sanyi, mu da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya tura dankalinsa cikin toka ya zauna gadi, don wallahi kana ɗauke ido an yi gaba da shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a gefen kanal, hanyar ruwan nan da aka gina don noman rani. Da ruwan kanal muka tashi. Shi ke ba tumatir da albasa da shinkafa, a cikinsa 'yan mata ke wanki, a cikinsa yara maza ke yini suna iyo har idanunsu su yi ja. Shekarun da nake ba da labari, farkon dubu biyu ne, wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, duk unguwarmu mutum ɗaya ke da ita, shi ma sai ya hau gefen kanal yake samun magana.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara zama a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta ja zane ta rufe gwiwa, ta ce, "Ga wata can ta iso bakin ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki, "A buɗe mata ta shigo!" Ƙanina Sadi take kira "maigidana", irin wasan nan na kaka da jika, kullum tana yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba. Ni kuwa "Malama" take ce mini, kuma ba yabo ba ne, tsiya ce.

Asalin sunan daga littattafai ne. Kawu Tasi'u, ƙanin Ummanmu, direban motar tumatir ne zuwa Kudu. Bai yi boko ba, amma idan ya ga masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da tasha, sai ya tsuguna ya zaɓo mini wanda hoton bangonsa ya burge shi. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo, ni dai na ga hoton wata, ke kya gaya mana abin da suka ce." Lokacin ina ajin farko na ƙaramar sakandare, Turancina ɗingishi yake yi, amma haka nake kutsawa. Inda na gane na wuce, inda ban gane ba na dubi hoto na cike da nawa.

Kai, na ji daɗin littattafan nan! Akwai na mutanen da suka je duniyar wata suna tsalle kamar fara, saboda a can jiki ba shi da nauyi. Akwai na wata yarinya da ta bi ɗigon ruwan sama tun daga gajimare har cikin rijiya. Akwai na mutum-mutumin ƙarfe da ake aika kasuwa, ya iya lissafi amma bai iya taya kaya ba. Nakan haye saman buhunan shanshera in lafe, a yi ta kira ina ji kamar daga wani gari ake yi. Abin da na fi so kuwa shi ne shafin ƙarshe. Yawancinsu a can marubucin yake fitowa fili ya ce, wannan ni na ƙirƙira, wannan kuwa gaskiya ne, haka Allah ya yi abin. Sai in koma farko in sake karantawa ina ware su.

Wata rana aka sa ni gadin shanya, na buɗe littafi, kaji suka yi biki. Iya ta fito ta tarar da su har da na maƙwabta. Ta riƙe haɓa ta ce, "Malama, me ke cikin takardar nan da ya fi shinkafata daɗi?" Na zaci duka zan sha, sai na shiga ba ta labarin mutanen wata don in sayi lokaci. Ta saurara tana korar kaji da sanda. Da na gama ta ce, "To su da suka je can, ina suke fuskanta in za su yi salla?" Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce, "Ai kuwa bai gama aikinsa ba." Amma da magariba ta yi, bayan ta ba mu tatsuniyarta, sai ta juyo ta ce, "Saura taki." Tun daga ranar muka ƙulla musaya, ta ba da ɗaya, in ba da ɗaya. Tana musu, tana tsaki, tana cewa Turawa sun fi ta iya shirga ƙarya, amma ranar da ban kawo ba sai ta tambaya.

A wannan sanyin ne Sadi ya fara fitsarin jini. Shekararsa goma. Tsargiya ake ce wa abin, kuma a wajenmu a lokacin ba a lissafa ta cikin cututtuka. Cewa ake yi alamar yaro ya kama hanyar zama namiji ce. Duk yaron da ya fara, sai ya je ya nuna wa abokansa, wanda bai fara ba a riƙa yi masa dariya. Sadi ya dawo gida yana tafiya yana buɗa hannuwa kamar wani ɗan dambe. Baba ya yi murmushi ya shafa kansa. Iya ma dariya ta yi ta ce, "Maigidana ya girma, yanzu ba ni da uzurin rashin cefane."

Amma abu ya ƙi tsayawa a dariya. Sadi ya fara rama. Yaron da ke cinye tuwonsa ya leƙa kwanona, sai ya ci loma kaɗan ya ture. Tafin hannunsa ya yi fari. Idan ya shiga bayan gida ina jin yana nishi, ya fito yana share ido da gefen riga don kada a ce rago ne. Da rana a makaranta barci yake yi. Umma ta yi wa Baba magana a kai shi asibiti, Baba ya ce, "Haba, wane irin asibiti? Ni ma na yi, ubana bai kai ni ko'ina ba, ga ni nan ina noma." Ga shi kuma lokacin tumatir ne, kullum Sadi yana gona tare da shi, tsaye cikin ruwa har gwiwa yana kafa tiyo, bututun robar nan da ake jawo ruwa da shi daga kanal zuwa cikin kunya. Baba ba mugu ba ne, Allah ya sani yana son yaron nan kamar ransa. Abin da ya taso ya tarar ne ya riƙe.

Ana cikin haka Kawu Tasi'u ya kawo wani littafi, bangonsa ya yage rabi. Labarin wata yarinya ce da ta zame ta faɗa kududdufi, ta ƙanƙance har ta fi ƙwan ƙwarƙwata ƙanƙanta, ta shiga yawo cikin halittun da ido ba ya gani. Ina karantawa ina dariya, sai na iso inda ta haɗu da wani siriri mai wutsiya a rabe biyu. Ya gaya mata a gidan dodon-koɗi yake kwana, da rana ya fito ya jira ƙafar mutum, ya shige ta fata ba tare da an ji ba. A ciki ya girma ya yi ƙwai, ƙwan nan masu tsini su keta mafitsara su fito da jini, su koma ruwa su nemi wani dodon-koɗin. Dariyata ta ɗauke. Na yi maza na juya shafin ƙarshe. Marubucin ya ce yarinyar ƙirƙira ce, amma mai wutsiya biyu gaskiya ne, yana cutar da yara, idan ya daɗe yana ɓata ciki, kuma akwai ƙwayoyin da ke kashe shi.

To amma wa zan gaya wa? Ni 'ya mace in tunkari Baba da zancen fitsarin ƙanina? Ina! Ko kusa. Sai na tari Iya ita kaɗai tana tsame shanshera daga ruwa, na zayyana mata.

Ta ce, "Malama, yau kuma abin ya tashi daga wata ya dawo kan maigidana?"

Na ce, "Iya, wallahi shafin gaskiya ne ya faɗa, ba na ƙarya ba."

"Wa ya gan shi, wannan mai wutsiyar?"

"Akwai madubi a asibiti, yana mayar da ƙaramin abu babba."

Ta yi tsaki ta ci gaba da aikinta. Na tsaya ina cika ina batsewa, don ni tun ina ƙarama ba a iya mini idan na san ina da gaskiya. Can sai na ga ta daina tsama. Ta tsaya da kwando a hannu, ruwa yana zuba a ƙafarta, ta ce kamar da kanta take magana, "A garinmu na tudu, rijiya muke sha, ban san yara da wannan abu ba sai 'yan bakin rafi. Kakanku bai taɓa yi ba. Kuma ai ya zama namiji, tunda ga ku." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai da aka kawo ruwan nan ne ya zama kowane gida." Ta ajiye kwandon ta ce in sake faɗa mata daga farko, a hankali, kada in ƙara nawa.

Na ce, "To ki gaya wa Baba mana, ai ke ba zai ƙi ji ba."

Ta dube ni kamar na zage ta. Nan fa gizo... a'a, nan fa matsalar take. Baba ɗan farin Iya ne, ita kuwa irin tsofaffin nan ce masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ba ta kiransa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya zo gaishe ta da safe, ya tsuguna daga nesa, ta amsa tana kallon bango. Idan tana son wani abu a wajensa sai ta ce da mu, "A ce wa mutanen gidan nan itace ya ƙare," alhali yana tsaye yana ji. Ta kira shi ta zaunar ta yi masa faɗa a kan ɗansa, wannan ko a mafarki. Ni kuwa a lokacin haushi abin ya ba ni ƙwarai. Yaro yana ƙarewa, ana ta kunya!

Washegari dai na lura Iya ta makara wajen ɗora duro, ita da ba ta makara. Ta kuma cika shi fiye da kullum, yadda mu mata ba za mu iya saukewa ba. Har aka yi magariba yana kan wuta. Baba yana dawowa daga masallaci ta ce da iska, "A ce wa masu ƙarfi duro ya gagari mata." Baba ya naɗe hannun riga ya zo, shi da Umma suka sauke. Ya yini cikin ruwa, ƙafafunsa duk faso, ga sanyi. Da ya ji ɗumin murhu sai ya ja turmi ya kifa, ya zauna a bayan Iya yana gasa ƙafa. Yara sun riga sun taru. Iya ta ba shi baya sosai, ta dube mu ta ce, "Ga wata can ta iso bakin ƙofa."

"A buɗe mata ta shigo!"

Ta ce wai an yi wani gari da ƙishi ya dama. Da damina su ci, da rani su yi tagumi. Sai suka roƙi Sarkin Ruwa ya tausaya musu, ya aiko musu da kogi mai tafiya da ƙafarsa har bakin gonaki. Gari ya yi kore, aka ci aka ƙoshi, aka yi aure aka yi suna. To ashe a cikin kayan kogin wani baƙo ya maƙale ya biyo, ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa, wutsiyarsa biyu. Ya je wajen kifi neman masauki, kifi ya ce shi ba ya zama wuri ɗaya. Ya je wajen kwaɗo, kwaɗo ya ce shi surutunsa ba zai bar baƙo ya yi barci ba. Sai dodon-koɗi, da yake sakarai ne, ya ce, "Shigo, ɗakina a bayana yake."

Yara suka bushe da dariya, don Iya ta ƙanƙance wuya tana kwaikwayon dodon-koɗi. Ni kuwa bakina a buɗe. Littafina ne, amma ta sa masa kayan gida har ban gane shi sosai ba. Babu kifi da kwaɗo a nawa.

Ta ci gaba. Baƙo ya ci ya ƙoshi, ya ce shi fa gidan dodon-koɗi ya yi masa kaɗan, gidan ɗan Adam yake so. Sai ya riƙa laɓewa a bakin ruwa. Duk yaron da ya tsoma ƙafa, ya shige ba sallama, ya haura ya gina ɗaki a ƙasan mararsa, ya hayayyafa. 'Ya'yansa kowanne da ɗan mashinsa, idan za su fita sai sun tsaga bango, jini ya biyo su. Iya ta rage murya ta ce, "To baƙon nan akwai wayo. Ya san idan iyaye suka ga jini za su nemi mai korarsa. Sai ya ɗauki sanƙira, ya bi gari lungu-lungu yana shela, wai duk yaron da ya ga ja, ya zama namiji. Shi ke nan fa. Iyaye maza suka zama su ne masu gadinsa, ba ko sisi."

Na saci kallon Sadi. Ya daina juya dankalinsa. Na saci kallon Baba, kansa a sunkuye, yana murza yatsun ƙafa.

"A garin akwai wani manomi," in ji Iya, "ba a kai shi ƙwazo ba. Uwarsa tana alfahari da shi, ko da yake ba ta taɓa faɗa masa ba." Ta yi gyaran murya. "Idan ganye ɗaya ya yi rawaya a tumatirinsa, ba ya barci sai ya gano tsutsar da ta jawo. Ya hau keke ya je har birni neman magani. To sai ga ɗansa na cikinsa ya fara yin rawaya, yana yaushi kamar shukar da aka hana ruwa. Aka ce masa ɗanka fa. Ya ce ba komai, shi ma ya yi yana yaro. Baƙo yana jin haka daga ciki, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, 'Bawan Allah, ai naka ɗin ma ni ne. Wa ya gaya maka na fita?'"

Ta ɗauki tsinke tana tona toka. Muka jira. Wata 'yar maƙwabta ta gaji ta ce, "Iya, sai aka yi yaya?"

"Oho. Ni ma iyakar inda aka ba ni ke nan. Sauran yana wajen manomin, ku tambaye shi in kun gan shi." Sannan ta rufe yadda ta saba, "Ta sauke kayanta a nan, kowa ya duba ya ɗauki nasa."

Sai Baba ya yi magana, ba da ita ba, da ni. "Hafsatu, wannan daga cikin takardun Tasi'u ta fito ko?" Na ce e, murya ciki-ciki. Ya ce, "Ɗauko." Na tafi, na gama yanke cewa cikin murhu za a jefa shi. Ya karɓa, ya karkata shi wajen hasken garwashi, ya daɗe yana kallon hoton mai wutsiya biyu. Ya ce in karanta masa wurin da aka ce gaskiya ne. Na karanta ina fassarawa, ina tuntuɓe. Ya ce, "Har manya yake kamawa?" Na ce haka aka rubuta. Ya miƙo mini littafin, ya sa takalminsa, ya fita sallar isha'i.

Da safe ya tashi Sadi suka tafi gona kamar kullum. Washegari ma haka. Takaici ya ishe ni, na je na sami Iya na ce, "Kin gani ko? Da kin faɗa masa baro-baro da yanzu an wuce wurin." Ta ce, "Malama, ke kika haife shi ko ni? Je ki juya mini shanya." Amma na ga ita ma ba ta cin abinci sosai, kuma duk motsin da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai.

Sai ranar da aka gama tsinkar tumatir ta farko, motar Kawu ta ɗauki kwanduna ta tafi. Da sassafe Baba ya ari babur ɗin maƙwabcinmu, ya ce da Umma a yi wa Sadi wanka a sa masa rigar sallarsa. Bai ce ga inda za su ba, ba a kuma tambaye shi ba. Suka ɗauki hanyar Kura. Yinin ranar ban iya karanta ko layi ɗaya ba.

Gab da magariba suka dawo. Sadi ya diro yana haki, tun daga zaure yake ihu, "Yaya, na gan shi! Mai gwajin ya bar ni na leƙa madubin! Ƙwai ne, da ɗan mashinsa a gindi, wallahi kamar yadda Iya ta ce!" An ba shi ƙwayoyi manya masu ɗaci ya haɗiye a can, an ce za su ɗan juya masa ciki. Baba ya shigo a bayansa. Iya tana bakin murhu tana tura buntu, ta juya baya kamar kullum. Ya zo ya tsuguna daga nesa, inda yake tsugunawa da safe, ya dubi duro ya ce, "A gaya wa masu tatsuniya, an je an ga baƙon nan. An ba yaro magani." Can ya ƙara da cewa, "Nawa ma an duba. Yana nan. Ni ma na sha."

Iya ba ta juyo ba. Hannunta dai ya tsaya a kan buntun. Can ta ce, "A ce masa an ji. A ce masa Allah ya yi albarka." Ta ja bakin mayafi ta goge ido ta ce hayaƙi ne, alhali wutar ko hayaƙi ba ta yi. Ni kam kuka na yi sosai, ban ɓoye ba.

Kafin zafi ya shigo Sadi ya dawo da cin tuwonsa da leƙen nawa. Baba ya sayo takalman ruwa, nasa da na Sadi, aka yi ta yi musu dariya a gona, daga baya masu dariyar suka fara tambayar inda ake sayarwa. Ba zan ce cutar ta bar garinmu ba. Wanda abincinsa ke cikin ruwa dole ya shiga ruwa, yara kuma ba sa jin hani idan rana ta take. Sadi kansa sai da ya sake shan maganin. Amma a gidanmu da gidajen yaran da suka zauna a bakin murhun nan, an daina yi wa jini murna.

Mun ci gaba da musayarmu ni da Iya har na gama sakandare. Ta ji labarin taurari, da na ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, da na wutar da ke cikin ƙasa, kowanne sai ta yi musunsa tukuna. Yau ni ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Kumbotso, ita kuwa ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina ɗauka cewa littafina ne ya ceci Sadi, Iya ta ara ne kawai. Sai da na tsaya gaban aji, na faɗi gaskiya tsurarta na ga ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka, sannan na gane aikin da tsohuwar nan ta yi. Ni na san abin, amma ban san ta inda zai shiga kunnen Baba ba tare da ya ji an ci masa fuska a gaban 'ya'yansa ba. Ita ta sani. Wanda ya rubuta littafin ma ai dabarar da ya yi ke nan, ya ƙirƙiro yarinya ya ɗora mata gaskiya ta kawo mini har saman buhun shanshera. Shi ya sa har gobe ba na jin kunyar a gan ni da irin waɗannan littattafai, kuma ina cusa wa ɗalibaina su, ko da wasu malaman suna cewa ɓata lokaci ne.

Sadi yana nan a gida, shi ya gaji gonar, 'ya'yansa huɗu. Bai taɓa son karatu ba, amma ya riƙe tatsuniyar nan kaf, yana ba yaransa, har ya ƙara mata kaguwa da ba mu san da ita ba. Bara da rani ina tsakiyar darasi ya yi ta kirana a waya. Na fito na ɗauka. Ya ce, "Yaya, kada ki tsorata, muna asibiti ne da Abba, an ba shi magani, yanzu za mu koma." Abba shi ne babban ɗansa, shekararsa tara. Na ce, "Yaya aka yi ka gane da wuri haka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni na gane? Shi ya zo da kansa da sassafe, ko wanke ido bai yi ba, ya tsaya a kaina ya ce, 'Baba, mai wutsiya biyu ya shige ni. Tashi ka kai ni a kore shi.'"